Rumfar Kunu ta Shef Mutari

Duk wanda ya zauna unguwar Maourey a Yamai, a shekarar da fari ya koro mutanen karkara zuwa bakin kogi, ya san Mutari. In bai san fuskarsa ba ya san hularsa, wata hular kwano ruwan ɗorawa irin ta ma'aikatan gini, wadda ba ta barin kansa sai zai yi alwala. Bagobiri ne daga Tibiri. Ya taɓa yin karen mota a wata kamiyo mai kai siminti Arlit, daga can ya dawo da hular, ya kuma dawo da sunan da ya raɗa wa kansa: Shef Shantiye, wato shugaban masu aikin gini.

"Duk benen da kuka gani a garin nan," haka yakan ce a majalisar shayi, "in ban sa hannu ba, to na ba da shawara. Gadar kogi ma da sun tambaye ni da ba ta yi wannan tsawon ba."

Issoufou mai sayar da ƙanƙara, Bazabarme ne, don haka abokin wasansa, shi ke tare shi.

"Kai da ƙofar ɗakinka da turmi ake tokare ta?"

"Wanzami ba ya son jarfa. Bazabarme me ya sani ban da kifi?"

A gidan hayar da Mutari yake zaune da matarsa Balkisa akwai Madam Na'omi, ma'aikaciyar jinya, mutuniyar Dogondutsi. Tunda masu gudun yunwa suka fara zuba a gefen gari, ita da matan majami'arsu da matan unguwa suka haɗa kai suna dama kunu a wani fili bayan gidan, suna raba wa masu goyo da ƙananan yara. Abin da ya dame su rana ce. Mata su yi layi tun hantsi, ba itace ba bango, har wata tsohuwa ta taɓa yanke jiki ta faɗi da kwanonta a hannu.

Sai Allah ya kawo sauƙi. Wani kamfanin gini da ke naɗe tabarmarsa, don kasuwar uraniyum ta faɗi, ya ba Madam Na'omi ragowar fallayen alminiyam, shuɗaye shar, sumul kamar bayan tasa. Wani mai walda ya haɗa mata ƙashin rumfa na baƙin ƙarfe, ya kafa shi a filin. Saura ɗora fallaye sai aka aiko masa cewa shanun ubansa na mutuwa a ƙauye, ya hau mota ya tafi. Ga kuma Lajida, sojan da ke kula da rabon hatsin agaji a yankin, ya aiko cewa ranar Asabar zai zo ya ga wurin da idonsa. In ya tarar da inuwa da tsari, zai riƙa turo buhunan dawa da madarar gari. In ya tarar da shirme, kayan su wuce wata unguwa.

Madam Na'omi na tsaye tana kallon ƙarafan da tagumi, Mutari ya iso yana gyara hula.

"Madam, me ya yi zafi?"

"Mai ɗora mini rufi nake nema, Malam Mutari."

"Nema? Ana zaune gida ɗaya da kogi ana taimama? A Arlit na rufe wani mangaza, ƙaton sito da jirgin sama ke juyawa a ciki. Wannan ai kafin shayi ya tafasa na gama."

Balkisa ta leƙo ta kan katanga. "Madam, ki yi tunani."

"Ke shiga gida. Maganar ma'aikata ake."

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma Madam ba ta da wani goran. Ta ɗauko wani kwali ta buɗe masa. Cike yake da wasu ƙananan kusoshi masu wuya, da wani ƙarfe mai hannu biyu kamar almakashi.

"Anasaran kamfanin ya ce sunansu ribe. A huda falle da ƙarfen da inji, a zura su, a matse da wannan. Kuma ya ja mini kunne: fentin nan gari ne aka fesa aka gasa a wuta, kada a kankare shi, kada a kai masa wuta."

Mutari ya yi dariya har da riƙe ciki. "Huji? Madam, wane mai hankali ke huda rufi da hannunsa? In ruwan sama ya zo fa?"

"Wane ruwa?" in ji Issoufou, wanda ya riga ya jawo benci ya zauna kallo. "Kai ka ga ruwa bana?"

"Ni aikina na shekara ɗari ne, ba na bana ba. Wannan almakashi kuwa, Madam, ki mayar da shi likita, na cire haƙori ne, kuskure suka yi suka sa shi a kwali."

Ya aro tsani da guduma, ya hau, aka miƙa masa falle na farko. Ya saita ribe, ya yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya ji, ya maka. Ribe ya lanƙwashe kamar tsutsa. Ya sa wani, ya maka, wannan ya yi tsalle, ƙiii, ya faɗa cikin butar shayin majalisa. Na gaba ya sami jakin mai ruwa a gindi, jaki ya zabura da garwaye, mai ruwa ya bi shi yana zagi da Zabarmanci.

"Shef," in ji Issoufou, "rufi kake yi ko harbin tsuntsu?"

"Gwaji nake. Ƙarfen nan na ƙasar sanyi ne, sai ya saba da hannu."

Ya ci gaba da gwaji har kwalin ya koma rabi, sannan ya koma babu. Bugun ƙarshe kuwa bai sami ribe ba, babban yatsansa ya samu. Mutari ya buɗe baki, ya tuna mata na kallo, sai ya mayar da ihun kabbara.

"Allahu Akbar!"

"Lafiya, Maigida?" Balkisa ta tambaya daga ƙasa.

"Lafiya lau. Godiya nake, don na gano matsalar. Kusoshin jabu ne."

Ya sauko da yatsa kamar gauta. Madam Na'omi ta naɗe masa shi da bandeji tana kallon fallen, wanda ya yi ƙuraje kamar ya yi ƙyanda.

"Malam Mutari, ko dai mu nemi mai injin huji?"

"Madam, kada ki zubar mini da mutunci. Ƙarfe da ƙarfe wuta ke ɗaura musu aure. Gobe za ki gani."

"Na ce maka an ce kada a kai masa wuta."

"Wutar itace suke nufi. Tawa ta lantarki ce."

Kashegari, da Madam ta tafi aiki, ya turo injin walda a baro daga garejin wani ɗan garinsu. Garkuwar ido ba ta samu ba, sai ya ɗora tabarau baƙi na kasuwa a ƙarƙashin hularsa, ya fito kamar ɗan sandan ciki. Ya jawo waya daga gidan haya, ya maƙala, ya hau tsani.

"Kowa ya ja baya! Mai ciki ta rufe ido!"

Ya dangwala sandar walda a jikin falle. Wuta ta yi tartsatsi, hayaƙi mai wari ya tashi, shuɗin fenti ya ƙone ya yi baƙi. Alminiyam kuwa bai tsaya gardama ba, ya narke ya zubo kamar man shanu, ya bar rami da kan yaro zai shiga. Mutari ya leƙa ta ramin, ya hango Issoufou a ƙasa yana leƙo shi.

"Fofo, Shef," Issoufou ya gaishe shi da Zabarmanci. "Ka ce ba ka son huji."

"Wannan ba huji ba ne, taga ce. Ta shan iska. Duk manyan gine-gine da ita."

Don ya nuna da gangan ya yi, ya sake dangwalawa a ɗaya gefen. Nan take wani abu ya ce fau a kan falwaya, injin ya yi shiru, rediyon majalisa ya yi shiru, kekunan ɗinkin teloli da ke layin suka tsaya cak. Wutar unguwa ta ɗauke gaba ɗaya.

Kafin la'asar ƙofar gidan ta cika. Teloli da rigunan mutane a kafaɗa, mai niƙa da farin gari har gira, kowa na tambayar ina Shef. Shef na ɗaki ya ce a ce yana lissafi. Sai ga Issoufou ya kutso da babban daro a ka, ya dire shi a bakin ƙofa, ruwa ya fantsama.

"Fito, Bagobiri! Ga ƙanƙarata ta zo gaishe ka."

Mutari ya leƙo ta labule. "Kai dai ba ka da godiya. Ana shekarar fari na samar maka ruwa daro guda, kana ƙorafi?"

Dariyar da ta ɓarke ce ta cece shi, don telan da ya zo da niyyar shaƙe shi sai da ya zauna a ƙasa yana share hawaye.

Da gari ya waye idanun Mutari suka kumbura suka yi jawur, kamar an zuba musu barkono. Madam Na'omi ta ɗiga masa magani. Da ta gama ta ce:

"Na je wajen masu injin huji. Ɗaya ya tafi Dosso, ɗaya ya ce sai mako mai zuwa, kuma ko ya zo ba ribe, ka cinye su. Asabar kuwa jibi ce. Yaran nan da kake gani a layi, in dawar nan ta wuce mu, ban san abin da zan dama musu ba."

Wannan magana ta shige shi, don Mutari ba mugu ba ne, bakinsa ne ya fi hannunsa tsawo. Ya dafa ƙirji.

"Madam, in Lajida ya zo bai sha inuwa a filin nan ba, ki canza mini suna. Yanzu zan fito da fasahar da ko a Faransa ba kowa aka nuna wa ba. Ba kusa, ba wuta, ba huji."

Fasahar ita ce danƙo. Ya sayo ƙaro a kasuwa, ya karɓo ragowar gam wajen masu facin taya, ya sa Balkisa ta dama masa kokon rogo mai kauri, ya haɗa duka a tukunyar miyarta yana juyawa da muciya.

"Maigida, tukunyar aurena ce fa."

"Za ta shiga tarihi."

Ya hau ya shafe ƙarafan, ya shimfiɗa fallaye ɗaya bayan ɗaya, masu ƙuraje da mai taga ya tura su can baya. Da ya zo na ƙarshe sai ya ce dole a danne shi ya kama, kuma ba abin da ya kai nauyin gwani. Ya zauna a kai, ya harɗe ƙafa, yana ba mutanen ƙasa labarin yadda wani injiniya Anasara ya taɓa roƙonsa ya bi shi Paris ya ƙi. Bai lura ba ashe inda ya zauna nan danƙo ya tsiyaye. Da labari ya ƙare ya yunƙura zai tashi, rumfa ta ce ba ta san zance ba.

Ya sake yunƙurawa. Shiru.

"Shef, sauko mana, an kira salla," in ji Issoufou.

"Ina duba aiki."

"Da wane ido? Na zama?"

Rana ta take, falle ya ɗau zafi, Shef ya fara mutsu-mutsu kamar masa a tanda. Daga ƙarshe ya kira matarsa da ƙaramar murya.

"Balkisa. Miƙo mini zane. Kuma ki ce matan nan su juya baya."

Haka Shef Shantiye ya zare kansa daga cikin wandonsa, ya sauko tsani ɗaure da zanen atamfa mai hoton kaji, hular kwano a ka. Wando ya zauna a kan rufi shi kaɗai, sai da aka sa wuƙa aka yanko abin da ya yanku. Yara da manya suka bi shi da tafi har ƙofar gida. A bakin ƙofa ya juyo ya ɗaga yatsa mai bandeji.

"Ku yi dariya. Amma ku yi tunani: danƙon da ya riƙe namiji kamata, falle ne zai gagare shi?"

Wannan hujja ta shiga kan mutane da yawa, har Madam Na'omi ta ɗan sami natsuwa. Da yamma kuwa rumfa ta tsaya shuɗiya, gwanin kyau, masu wucewa na tsayawa kallo. Mutari ya ƙara ɗaure kusurwoyin da igiyar kaba, ya ce wannan kariya ce ta biyu, irin ta jiragen ruwa.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne awakin Inna Zainabu, maƙwabciyarsu. Awakin shekarar fari, waɗanda suka saba cin kwali da tsumma, suka wayi gari suka ji ƙamshin rogo. Ranar Asabar da sassafe aka tarar sun hau bencuna da tulin bulo, sun cinye igiyar kaba iya inda bakinsu ya kai, sun lashe duk danƙon da ya tsiyayo a jikin ginshiƙai har ƙarfe na ƙyalli.

"Maigida, awaki sun cinye kariya ta biyu," in ji Balkisa.

"Sun yi mini shara. Ta farko ta isa."

Kafin azahar fili ya cika. Mata masu goyo sun yi layi a ƙarƙashin rumfa da kwanoninsu, a karo na farko ba mai kare fuska da mayafi. Madam Na'omi na bakin babbar tukunya da ludayi. Mai unguwa da liman sun zo, matan majami'a sun sa anko, samarin unguwa sun kawo ganga. Mutari ya sa kaftaninsa na salla, ya goge hula da toka. Sai ga motar soja ta tsaya, Lajida ya fito, dogo, baƙi, fuska ba annuri, da sojoji biyu da bindigogi a bayansa. Ganga ta yi shiru. A zamanin nan ko tari mutum zai yi gaban kaki sai ya duba gabas da yamma, balle ba a daɗe ba da aka yi yunƙurin juyin mulki aka kwana ana jin harbi a gari.

Lajida ya shiga rumfa, ya ɗaga kai. "Wa ya yi wannan aiki?"

Madam ta buɗe baki, amma Mutari ya riga ta. Ya ƙame, ya sara da hannu mai bandeji.

"Ni ne, mon Lajida! Mutari, Shef Shantiye, Arlit da kewaye!"

"Ban ga kusa ko ɗaya ba. Me ya riƙe shi?"

"Sirrin sana'a ne, ranka ya daɗe. Fallen nan ko guguwa ta zo sai dai ta gaishe shi ta wuce. Ba zai motsa ba sai da izinina."

Rana kuwa tana tsakiyar ka. Alminiyam in ya sha zafi miƙewa yake fiye da baƙin ƙarfe, ƙaro kuma ya bushe ya zama kamar gilashi. Mutari bai rufe baki ba sai aka ji daga sama:

Tau!

Kowa ya daskare.

Tau! Tau! Tatatau!

"Juyin mulki!" wani ya ƙwala daga baya.

Wuri ya kacame. Sojojin nan biyu suka zube ƙasa suka ɗana bindigogi suna neman abokin gaba. Mai unguwa ya yi watsi da sandarsa ya shige ƙarƙashin tebur, ya tarar liman ya riga shi. Mai ganga ya kifa gangar a ka. Mata suka suri ƴaƴansu suka watse daga rumfar, abin da ya zama alheri, don ba wanda ya rage a ciki. Shi kuwa Shef, wanda guguwa ke gaisarwa, ya yi tsalle ɗaya ya faɗa cikin tano, wato durom ɗin ruwan wanke kwanoni, ya bar ƙafafu a waje, yana ihu daga ciki:

"Ba ni ba ne! Ni farar hula ne! Ina bayan duk wanda ya ci!"

Sannan fallaye suka fara saukowa ba da izinin kowa ba. Na farko ya zamo a hankali, suuu, ya kwanta a ƙasa. Na biyu ya bi shi. Sauran suka taho gaba ɗaya da ƙara kamar an kifar da kasuwar ƴan tasa. Na ƙarshe, mai guntun wando a manne, ya yi lilo, ya sauka daidai gaban takalmin Lajida.

Ƙura ta lafa. Ƙashin rumfa na tsaye tsirara. Mutum biyu kawai ba su gusa ba: Lajida, da Madam Na'omi wadda ta rungume murfin tukunya ta rufe kunu don kada ƙasa ta shiga.

Lajida ya dubi guntun wandon, ya dubi ƙafafun da ke harbin iska a bakin tano. Gefen bakinsa ya yi rawa, ya danne.

"A zaro mini Shef."

Issoufou ne ya ja ƙafa ɗaya, soja ya ja ɗaya. Mutari ya fito jagab, ɓawon albasa a kunne.

"Ka ce kana bayan wanda ya ci," in ji Lajida. "To wa ya ci?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Kullum kai ne."

"Falle kuma ka ba shi izini?"

"Tawaye ya yi, mon Lajida."

Nan Lajida ya kasa, ya juya baya kafaɗunsa na girgiza. Da mutane suka ga soja na dariya, sai kowa ya saki tasa, har da waɗanda ke ƙarƙashin tebur.

Madam Na'omi ba ta yi dariya ba. Ta buɗe tukunya ta ce, "Ranka ya daɗe, rumfa ta faɗi, amma kunu bai zube ba. Yaran nan tun safe suke jira. A ba ni izini in raba."

Lajida ya dubi matan da suka fara komawa layi a cikin rana, kowace da kwanonta, ba turereniya. Ya gyaɗa kai.

"Raba, Madam. Dawa da madara za su zo nan. Kai," ya ce da soja ɗaya, "je bariki ka taho da makaniki da injin huji, a kafa abin nan yadda ake kafa shi." Sannan ya juyo kan Mutari. "Kai kuma, Shef, ka yi alkawarin inuwa. Ɗauki falle ɗaya, ka ɗora a ka, ka tsaya kan layin nan. In ya motsa ba da izinina ba, a bariki za ka kwana."

Haka aka yi. Mutari ya tsaya a bakin tukunya, hannu biyu sama, shuɗin falle a kan hular kwano, duk matar da ta iso gaban layi ta shiga ƙarƙashinsa a zuba mata kunu. Wata tsohuwa ta sa masa albarka da Fulatanci. Gumi na zuba, amma ko gezau bai yi ba, don soja na zaune a benci yana kallonsa.

Da layi ya yi nisa Balkisa ta zo da ludayin kunu ta kai masa baki, tunda ba hannun karɓa. Ya kurɓa, ya saci kallon sojan, ya rage murya.

"Kin dai gani da idonki. Duk faɗin Yamai, ni kaɗai gwamnati ta ɗauka aiki yau, ba takarda ba ɗan uwa."

Balkisa ta goge masa gemu da bakin mayafinta.

"Riƙe da kyau, Maigida. Tunda aka kawo ni gidanka, yau na fara ganin wani ya sha inuwarka."